Likkafanin Kaka da Sitacin Rogo

Tsufa ya ƙwace mini abubuwa da yawa. Yau sai in yi ta neman carbi alhali yana rataye a wuyana, jikoki suna ta yi mini dariya. Amma akwai damuna guda da ba zan manta da ita ba har ranar da za a miƙe ni, ko an tashe ni daga barci zan ba da labarinta tiryan-tiryan. Ita ce damunar da na ciyar da ƙwari da likkafanin kakata, da hannuna, ina ganin gwaninta na yi.

Lokacin ina da shekara goma sha uku ko sha huɗu, ƙasar nan ma ana ce mata Gwalkwas, Turawa ba su kai ga naɗe tabarmarsu ba. Gidanmu yana Alabar, a zangon Hausawa na Kumasi, kusa da kasuwa. Baba fataucin goro yake yi, saboda haka zaurenmu kullum ƙanshin ɗanyen ganye yake, irin wanda ake lulluɓe goro da shi. Ɗakin Kaka, mahaifiyar Baba, yana can ƙuryar gida, kuma ni ce nake kwana da ita, ni ce mai ɗauko mata buta da tauna mata labarin unguwa.

Kaka ba haihuwar Kumasi ba ce. Daga wani ƙauye a ƙasar Kano ta taso tana sabon aure, ta biyo ayarin fatake da mijinta, watanni suna tafiya a bayan jakuna. Mijin ya rasu a nan, 'ya'yanta suka yi jijiya a nan, ita kuwa shekara hamsin ba ta sake ganin gida ba. Abu ɗaya ya rage mata na can, yana cikin wani baƙin akwatin katako a ɗakinmu: farin saƙi, saƙar hannu, wanda ta ajiye don a yi mata likkafani. Audugar daga gonar babanta aka tsinko ta, uwarta ce ta kaɗa zaren, masaƙin garinsu ya saƙa. Ranar da za ta taso uwarta ta miƙa mata shi, don ba wanda ya san inda ƙasa za ta kira ta.

"Ƙafata ba za ta koma gida ba, na sani," haka take cewa, ba tare da wani baƙin ciki ba. "Amma ranar da za a sa ni a ƙasar Asante, ba ita za ta taɓa jikina ba. Gonar babana ce za ta rufe ni."

Duk wata, in aka samu rana mai kyau, mukan fito da saƙin mu shanya a kan igiya. Ranakun nan su ne na fi so a duk ƙuruciyata. Kafin ta rataye shi sai ta tusa fuskarta a ciki ta yi shiru, sa'an nan ta fara lissafa mini abin da take ji: ƙanshin rumbu in an buɗe shi, hayaƙin kara, ƙasa in ruwan farko ya sauka, tsamiyar bakin rijiya. Ni dai in na sunsuna, kafur nake ji da tsufa. Amma in na rufe ido tana magana, sai in ga wata ƙasa shimfiɗaɗɗiya, sararin sama ya sauko har ƙasa ta ko'ina, ba kurmi, ba rufin kwano, fararen gonaki har iyakar gani. Ni da aka haifa a garin da itatuwa ke tare rana, sai in ji kewar wurin da ban taɓa takawa ba. Saƙin yana kaɗawa a iska, ni da ita muna zaune a inuwarsa, har a kira la'asar ba mu sani ba.

Kumasi kuwa gari ne mai laima, ƙwaro ya fi mutum jin daɗinsa. Kaka ta yi shekara hamsin tana yaƙi da su a kan wannan ƙyalle, ta san su kamar yadda ta san 'ya'yanta. Takan ce kowane ɓarawo da sawunsa. Gara ba ta tafiya a fili, sai ta gina hanyar laka a jikin bango ta bi ta ciki, shi ya sa akwatin ba ya jingina da bango, kuma ƙafafunsa huɗu suna tsaye cikin gwangwanayen madara da aka zuba wa kananzir. Kiyashi maiƙo da zaƙi yake bi, ba a cin abinci kusa da akwati. Kuɗin cizo, a duba mahaɗar katakon gado, in an ga ɗigo-ɗigo baƙi to a ɗora ruwan zafi. Kyankyaso wari yake bari, da kashi kamar garin masoro, da ƙwansa mai kama da ƙwayar wake maƙale a lungu. Sai asu, ɗan siriri mai ƙyalli kamar ƙaramin kifi, wanda yake gudun haske, shi a hankali yake kankare tufa har ta yi shara-shara. A cikin akwatin akwai busasshen ganyen darbejiya da kanumfari da ƙwallayen kafur. Duk wannan na haddace shi kamar karatun allo, na kuma ɗauka na gama sani.

Bayan katangarmu akwai wata Ba'asantiya, duk unguwa Maame muke ce mata. Sana'arta wanki da guga, ita ke wanke fararen kayan akawu-akawu da ma'aikatan asibiti. In ta shanya kayanta sai ido ya kasa kallonsu don fari, ga su a miƙe ƙyam saboda sitacin rogo da take damawa da ɗan bula. A tsakar gidanta akwai wata bishiyar auduga da ta fito da kanta, reshenta ɗaya ya leƙo gidanmu. Kaka takan tsinki audugar ta murza lagwanin fitila, tana taɓe baki.

"Audugar Asante," in ji ta, yadda Maame za ta ji, "sai dai lagwani."

"Ei, Kaka!" Maame ta amsa daga bayan katanga da Hausarta ta zango. "Shekara nawa kana ƙona shi, ba ka gode ba ko sau ɗaya!"

Haka suke kullum, ba faɗa ba ne, gaisuwarsu ke nan.

A shekarar nan idon Kaka ya fara dushewa, sai ta ɗaura mini makullin akwatin a bakin zane, ta ce shanya ta koma hannuna. Kaina ya kumbura. Ina cikin wannan jin kai ne wata 'yar baffana ta haihu a unguwar Asawase, Kaka ta tafi zaman suna na mako guda. Na fito da saƙin ni kaɗai na rataye, sai idona ya tsallaka katanga ya faɗa kan kayan Maame. Na dubi nasu, na dubi namu. Namu ya yi ja-ja, ya yi laushi kamar tsumma, ba shi da wani kwarjini. Na ce a raina, yanzu rigar akawu ta fi likkafanin kakata haske? Yadda take son abin nan, ai kamata ya yi ta gamu da Ubangijinta cikin fari tas.

Ban yi shawara da kowa ba, don na san za a hana ni. Na naɗe shi na zagaya wurin Maame, na ce mata zanen Kaka ne, so nake ya yi kyau kafin ta dawo. Ban ce likkafani ba ne. Baiwar Allah ta saki aikinta ta taya ni. Muka wanke, ta dama sitaci mai kauri, na ce ta ƙara, ta ƙara. Da ya bushe ta bi shi da dutsen guga na gawayi. Wallahi ya yi kyau. Ya fito fari fat, yana ƙara in an taɓa shi, na ninke shi ya kwanta kamar takarda. Na mayar cikin akwati na kulle, ina ta murmushi ni kaɗai, ina jiran shanya ta gaba in ga fuskar Kaka.

Shanya ta gaba ba ta zo da wuri ba. Kaka ta dawo da kwana biyu sama ta rufe. Wanda ya san damunar Kumasi ya san irin kwanakin nan da ba a ganin rana, ruwa yana sauka siriri a kan kwano tun safe har yamma, bango yana gumi, gishiri yana narkewa a kwano, wanki ya kwana uku bai bushe ba. Kusan mako bakwai muka yi a haka. Kaka ba ta yarda a buɗe akwati a cikin laima, don kada ta shiga. Mukan zauna a bakin ƙofa muna kallon ruwa yana zuba daga indararo, tana ba ni labarin gida, ni kuwa ina ta ƙunshe sirrina kamar alewa a kumatu.

Ranar da rana ta fito, Kaka tana kwance da ɗan zazzaɓi. Na ja akwatin zuwa bayan ɗaki na buɗe. Warin ne ya fara dukana, na kuwa san shi, an koya mini shi. Kafin in ɗaga ƙyallen sai kyankyasai suka watse ta ko'ina, manya da ƙanana, wasu suka hau hannuna. A ƙarƙashi ga asu suna sulalewa cikin tsagar katako. Kafur ya ƙare tuni, ganyen darbejiya ya zama gari. Na warware saƙin, na ɗaga shi sama. Duk inda ninki yake sun ci, kuma da yake a ninke suka ci, ɓular sai ta fito jere-jere, sahu bayan sahu. Rana ta ratso ta cikinsu ta zuba a kan ƙafafuna ɗigo-ɗigo. Na tsaya ina kallon hasken nan yana rawa a kan yatsuna, kaina ba komai, kamar ba ni ba. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a haka ba, sai da kazar gidan ta zo tana tsattsagar kyankyasai a gefena na dawo hayyacina.

Garin neman gira na rasa ido. Na tsorata tsoron da ban taɓa yi ba, ba tsoron duka ba, don Kaka ba ta taɓa ɗaga mini hannu ba. Abin da ya tsorata ni shi ne tsohuwar nan tana kwance ba lafiya, kuma gidan da take shirin komawa na rushe shi. Maimakon in faɗa, sai na ƙara wauta a kan wauta. Baba yana da famfon feshi da ya sayo a kanti, na ɗauko na fesa wa akwatin har ina tari, na mayar da ƙyallen na kulle. Kwana uku ina yawo da makulli a bakin zane kamar garwashi. In ta tambaya ko na shanya, sai in ce na shanya, in fita da sauri.

A rana ta huɗu da hantsi ta tashi zaune, jikin ya ɗan yi sauƙi. Ta kira ni da laƙabin da ta sa mini, ta ce, "Uwar iyayi, ɗauko mini gonar babana in sunsuna. Na yi mafarkin gida."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ɗauko na durƙusa na ɗora mata a cinya. Ba ta kai shi fuska ba. Tun yana hannuna hancinta ya gaya mata, na ga yadda ta tsaya. Ta shimfiɗa shi ta fara bi da yatsu a hankali, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.

"Wannan kyankyaso ne," ta ce, "ji bakin ɓular, a yage yake. Nan kuma asu ne, ya kankare bai huda ba. Ba gara ba ce, da na ji laka." Ta murza gefen ƙyallen, ya yi ƙara. Ta sa a harshe. "Me kika ba su?"

"Sitaci, Kaka."

"Na me?"

"Na rogo. So nake ya yi fari. Na ga ya yi ja, na ce..." Kuka ya ƙwace mini.

"Shekara hamsin suna zagaya akwatin nan," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ba ƙarfin gwangwani ya hana su ba, kyankyaso ai fiffike gare shi. Ba abin da za su ci ne a ciki. Ke kuma kika dafa musu tuwo, kika kulle su da shi."

Iyakar faɗan da ta yi mini ke nan. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Baba da ya ji, ya ce zai sayo alawayyo sabo fil a kasuwa, ko ya ba direbobin goro saƙo su taho da saƙi daga Kano. Ta girgiza kai, ta ce saƙi da yawa a Kano, amma uwarta ɗaya ce, kuma ta daɗe a ƙasa. Duk da haka ba ta bar ƙwarin sun ci bulus ba. Tana zaune tana ba da umarni, na wanke ƙyallen sau uku har sitacin ya fita, na fitar da akwatin na kwarara masa tafasasshen ruwa a kowace tsaga, na bi lungunansa da tsinke na ƙwaƙulo ƙwan kyankyaso, waɗanda feshin Baba bai yi musu komai ba. Ya kwana uku yana shan rana a buɗe. Na share bayan ɗaki, na toshe ramukan bango da toka da laka. Muka gama, akwati ya yi tsaf, amma abin da za a sa a ciki ya zama rariya.

Kwanaki Kaka tana zama a tsakar gida da ƙyallen a cinya, ba ta labari, ba ta tsokanar kowa. Ta daina tusa fuskarta a ciki, don wanki ya tafi da ƙanshin. Gidan ya yi mini faɗi. Ni na san ba zazzaɓi ne yake cin ta ba.

Sai wata safiya Maame ta yi sallama ta shigo, ɗauke da kwano a ka. Labari ya tsallaka katanga. Ta sauke kwanon a gaban Kaka, cike da auduga, duk abin da ke kan bishiyarta ta tsinke. Ta durƙusa tana share ido da bakin zane.

"Kaka, ni ban sani ba o! Yarinya ya ce zane ne kawai. Da ya faɗa mini na mutuwa ne, Nyame, Allah ya sani, ba zan sa rogo a ciki ba. Ga wannan. Na san ka ce ba shi da kyau, amma shi ne nake da shi."

Kaka ta sa hannu a kwanon. Ta ɗauki curi guda ta ja shi tsakanin yatsu, ta sake ja, ta murza. Ta daɗe tana yi. Ni ina tsaye a bakin madafa ina kallonta.

"Tana da tsawon gashi," ta ce a ƙarshe, kamar mai magana da kanta. Sai ta yi wata 'yar dariya da rabon da in ji ta tun kafin ruwa. "Shekara hamsin ina cin rogon ƙasar nan da ayabarta. Ta riƙe mini mijina, ta raya mini 'ya'ya. Ni kuwa na ce ba za ta taɓa ni ba. To ga ƙwari sun buɗe mata ƙofa." Ta juyo wajen da take jin motsina. "Uwar iyayi, duba ƙasan gado, akwai mazarina. Wanda ya ɓula shi zai cike."

A wannan kaka na koyi kaɗi. Ta koya mini gurzar auduga a fitar da iri, da shiɓa, da yadda ake shafa alli a yatsa a murza mazari ya yi ta juyi. Zarena na farko ya fito kamar igiyar ɗaure akuya, ta ce ko kyankyaso ba zai ci wannan ba. A hankali hannuna ya faɗa. Kullum bayan azahar mukan zauna a inuwar katanga, ni da allura ina cike ɓula zare bisa zare, ita tana bi da yatsa tana cewa nan ya yi, nan warware. Maame takan leƙo ta katanga ta yi mana ba'a. Labari ya dawo bakin Kaka, amma ya sauya. Ban da tsamiyar bakin rijiya, yanzu har da ranar da ta fara ganin kurmi ta ɗauka dare ne ya yi da rana, da ɗakin ciyawa da aka haifi Baba a ciki tun zango bai zama zango ba. Mazari yana juyi, rana tana sauka a kan kwanukan Alabar, ni kuwa ban san ko a Kano nake ko a Kumasi ba.

Wata huɗu muka yi. Ranar da na cike ɓula ta ƙarshe, ta ɗauki saƙin ta tusa fuskarta a ciki ta yi shiru kamar da. Na tambaye ta me take ji. Ta ce, "Hannunki."

Ba ta ga wata damunar ba. Ta rasu wata Alhamis da hantsi, cikin sauƙi. Matan da suka yi mata wanka suka warware saƙin, suka ga fararen tabo jere-jere a jikin tsohon ƙyalle, ɗaya ta ce ko a kawo wani. Baba daga bakin ƙofa ya ce a'a, shi ta zaɓa. Maame tana tsaye a bayan katanga, hannu biyu a ka, har aka fita da ita.

Yau akwatin yana ɗakina, ƙafafunsa cikin gwangwani, bai jingina da bango ba, kuma nawa ƙyallen yana ciki, ba sitaci ko ɗigo. In jikokina suka zo da kukan kyankyaso ya dame su, suna neman maganin feshi, nakan ce su fara dubawa me suke ba shi, don ƙwaro ba ya zama inda ba a ciyar da shi. Abin da na koya ke nan a wannan damuna, da wani wanda ya fi shi: in an ba ka amanar abin da wani yake ƙauna, kada ka gyara shi da idonka, tambayi mai shi. In kuwa ka riga ka ɓata, kai shi gabansa da wuri, ka zauna ka cike ɓular da hannunka tun mai yafe maka yana da rai.